Wanzamin Teku: Wa Yake Fara Yi Wa Aiki?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa zama a rumfar wanzami kusa da kasuwar Arzeke ta Parakou kana jira, sai ga baƙo ya sauko daga motar Malanville, wanzami ya ce maka, "Maƙwabci, yi haƙuri in sallami matafiyi"? Ka san dalilinsa. In bai karɓi baƙon nan ba, zai wuce rumfa ta gaba. Kai kuwa ko gobe kana nan.

A darasinmu na yau za mu duba wani kifi mai yin irin wannan lissafi. Ba za ka same shi a kogin Okpara ba. Gidansa Bahar Maliya ne da Tekun Indiya da Tekun Pasifik, kuma masana suna kiransa Labroides dimidiatus. Tsawonsa kamar santimita 10 ne, da baƙin zane daga baki har wutsiya. Aikinsa irin na carki ne, tsuntsun nan da kake gani a bayan shanu a karkarar Djougou yana cire kaska. Amma shi ba ya bin kowa. Yana da mazauni guda cikin duwatsun murjani, manyan kifaye su zo su tsaya cik, har su buɗe masa baki, ya tsince ƙwarin da suke shan jininsu. Wata masaniya, Alexandra Grutter, ta ƙidaya a tsibirin Lizard na Ostareliya cewa guda ɗaya yakan ci ƙwari kusan 1,200 a yini.

To, in kifi biyu suka iso tare, wa zai fara?

Redouan Bshary ya daɗe yana kallonsu a Ras Mohammed, ƙasar Masar. Ya ga masu zuwa iri biyu ne. Akwai 'yan gida, waɗanda ba sa yin nisa, wanzami ɗaya suka sani. Akwai kuma baƙi masu yawo, da suke ratsa mazaunin wanzamai da yawa. Kusan kullum baƙo ake fara yi wa. In aka bar shi yana jira sai ya tafi, kuma da wuya ya dawo nan kusa. Ɗan gida kuwa ba shi da inda za shi.

A 2002 Bshary da Grutter suka gwada abin da faranti biyu masu abinci daidai wa daida. Ɗaya ana janye shi in ba a fara da shi ba, ɗayan yana nan har a gama. Kifin ya koyi fara cin na mai guduwa, ya dawo ya cinye na mai jira. A 2012 aka ba birai wannan gwaji, har da cimfanzi, kifin ya riga su ganewa.

Ka lura da wani abu kuma. Wannan wanzami ya fi son majinar da take kare fatar kifi a kan ƙwarin, saboda haka wani lokaci yakan yi cizo. In ya ciji baƙo, baƙo ya tafi. In ya ciji ɗan gida, sai ɗan gida ya fafare shi da gudu, domin shi ke nan makamin da yake da shi. Amma kifin da zai iya haɗiye shi, ba ya ganin cizo. Shi har shafa shi ake yi da fiffike. Kuma in wasu kifaye suna kallo, cizon yakan ragu. Kifi dai ba shi da alhaki, cikinsa yake bi. Amma kai mai shago, ke mai sayar da abinci, ku tambayi kanku: wane ne kuke bari yana jira, domin kun san ba shi da wurin zuwa?

Ko a teku, tsarin nan bai tabbata ba. Guguwa ta bugi tsibirin Lizard a 2014 da 2015, zafin ruwa ya kashe murjani a 2016, wanzaman suka ragu ƙwarai. Da aka sake yi wa waɗanda suka saura gwajin faranti, yawancinsu ba su fifita baƙo ba.