Ƙudan Zuma Mai Gashi: Siffofinsa da Alamomin Gane Shi

Muƙaddima

Lalle duk wanda ya yi nufin ya ci moriyar wata halitta daga cikin halittun Allah Maɗaukakin Sarki, ko kuwa ya tsare kansa daga cutarwarta, wajibi ne a gare shi ya fara da sanin siffarta, gama hukunci a kan abu ba ya inganta sai bayan an san abin, kamar yadda malamanmu na fiƙihu suka daɗe suna karantarwa. Ƙudan zuma kuwa ba baƙo ba ne gare mu, tun da yake ga amya nan a kan itatuwanmu, ga kuma sura sukutum a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 16, wadda aka sa wa sunansa. Sai dai abin da galibin jama'a ba su sani ba shi ne, masana sun ƙididdige irin ƙudajen zuma fiye da 20,000 a duniya, mafi yawansu kuwa ba su tara zumar da za a ɗeba. A cikin waɗannan akwai wata zuriya ta manya-manya masu gashi, mai ɗauke da iri wajen 250, wadda masana suke kira Bombus. Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana siffar ɗaya daga cikinsu, wato Bombus terrestris, da alamomin da ake rarrabe shi da su daga makamantansa, da kuma dalilin da ya sa sanin wannan ya shafe mu, ko da yake ba a ƙasarmu yake zaune ba.

Mazauninsa

Asalin mazaunin wannan ƙwaro shi ne ƙasashen Turai, da yammacin Asiya, da gefen Afirka ta Arewa, wato Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Bai ƙetaro Sahara ba, shi da dukan danginsa, domin an halicce su ne da jikin da ya dace da ƙasar sanyi. Masanin nan na ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, shi ya fara rubuta shi cikin littafin halittu a shekarar 1758. A ƙarƙashin ƙasa yake yin gida, galibi a tsohon ramin ɓera wanda mai shi ya bari, kuma gida ɗaya, in ya bunƙasa, yakan tara ma'aikata ɗaruruwa, alhali kuwa amya ɗaya ta ƙudan zumarmu takan tara dubbai masu yawa.

Ƙirar jikinsa

Farkon abin da ido zai faɗa a kai shi ne kauri da gashi. Jikinsa dunƙulalle ne, gashi mai laushi ya lulluɓe shi tun daga kai har ƙarshen ciki, ga wata ƙara mai kauri da yake yi in yana tashi, wadda kunne yakan ji tun ido bai gan shi ba. Jikin ya kasu kashi uku, kai da ƙirji da ciki. Yana da ƙafa shida da fiffike huɗu, biyu manya a gaba, biyu ƙanana a baya, waɗanda suke sarƙe da juna da wasu 'yan ƙugiyoyi, har mai kallo ya zaci biyu ne kawai. A kansa akwai manyan idanu biyu a gefe, da wasu 'yan mitsi-mitsi guda uku a bisa goshi, da ƙahonni biyu masu gaɓoɓi waɗanda yake sansanar abu da su.

Gashin nan kuwa ba ado ne kurum ba, akwai hikima babba a cikinsa. Idan gari ya waye da sanyin da zai hana sauran ƙwari motsi, sai shi ya tsaya a kan ganye, ya yi ta kaɗa naman ƙirjinsa ba tare da fiffike ya motsa ba, har ƙirjin ya ɗumama ya kai wajen digiri 30 a ma'aunin zafi, gashin ya riƙe ɗumin, sa'an nan ya tashi ya kama aiki tun ƙudan zumar amya bai leƙo waje ba.

Launinsa

A nan ne mas'alar take buƙatar natsuwa. Asalin launinsa baƙi ne ƙirin, sa'an nan ratsi biyu na rawaya suka gitta jikin: na fari a gaban ƙirji, dab da wuya, na biyu kuwa a gaɓa ta biyu ta ciki. Rawayar tasa mai duhu ce, ta ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa. Ƙarshen cikinsa kuma fari ne, sai dai a Ingila sarauniyarsa takan zo da ƙarshen ciki mai dusashewar fari, wanda ya sirka da ruwan ƙasa, ma'aikatanta kuwa nasu fari ne, sai ɗan siririn ratsi na ruwan ƙasa a inda farin ya haɗu da baƙin. Saboda haka mai son gane shi ya riƙe abu uku a zuciyarsa: adadin ratsi, da irin rawayar, da launin ƙarshen ciki.

Amma fa launi shi kaɗai ba ya zama hujja yankakkiya, domin iri ɗayan nan yakan sake kama gwargwadon ƙasar da yake. Alal misali, na tsibiran Kanari ba shi da ratsin rawaya, baƙi ne mai farin ƙarshen ciki, na tsibirin Kosika kuwa ƙarshen cikinsa ja-ja ne.

Sarauniya da ma'aikata da maza

Sarauniya ita ce mafi girma, tsawonta yakan kai milimita 20 zuwa 22. Sabuwar sarauniya kaɗai ke tsallake hunturu, tana kwance a ƙarƙashin ƙasa, sauran mutanen gidan duk sukan mutu kafin sanyi ya kankama. Da sanyi ya fara ja da baya, wajen watan Fabrairu ko Maris, sai ta fito ta yi ta shawagi ƙasa-ƙasa tana leƙa ramuka, in ta sami wanda ya yi mata, sai ta gina 'yar tukunyar kaki ta cika da ruwan zaƙin fure, ta dunƙule garin fure ta zuba ƙwai a kai, ta kwanta a bisansu tana ɗumama su kamar yadda kaza take kwanci, tana miƙa harshe cikin tukunyar in yunwa ta taso.

Ma'aikata duk mata ne, 'ya'yan sarauniya, tsawonsu milimita 11 zuwa 17, na farkon ƙyanƙyasa sun fi ƙanƙanta saboda ƙarancin abinci a lokacin renonsu. Babbar alamar mace, sarauniya ce ko ma'aikaciya, tana ƙafar baya: akwai wani fili mai santsi da sheƙi wanda dogayen gashi suka kewaye, nan take danna garin fure har ya zama curi, ta ɗauka zuwa gida. Namiji, wanda tsawonsa milimita 14 zuwa 16 ne, ba shi da wannan fili, ba shi da ƙari, ƙahonninsa sun fi tsawo, gaɓoɓinsu 13, na mace kuwa 12. Mace tana harbi, kuma tana iya maimaitawa, gama ƙarinta ba ya maƙalewa a fata ya tsinke, amma ba ta faye yi ba sai an matse ta ko an taɓa mata gida.

Makamantansa

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mafi kusa da shi a kama shi ne Bombus lucorum, wanda rawayarsa ta fi haske, ƙarshen cikinsa kuma fari fat. Sarakunansu mata ana rarrabe su da ido, amma ma'aikatan sukan rikita har ƙwararru, sai an kai su ɗakin bincike. Sa'an nan akwai Bombus hortorum, mai ratsi uku da doguwar fuska da dogon harshe, alhali wanda muke magana a kansa fuskarsa gajeriya ce, harshensa ma haka. Akwai kuma wani ɗan'uwansa maci amana, Bombus vestalis, wanda macensa takan kutsa gidan, ta kashe sarauniya ko ta danne ta, ta sa ma'aikatan su reni 'ya'yanta. Ana gane ta da duhun fiffike, da ƙarancin gashi har fatar tana sheƙi, da rashin filin ɗaukar garin fure, tun da yake ba ta tara wa kowa kome. Bayan waɗannan akwai wasu ƙudaje zalla waɗanda suka ari launinsa don tsuntsaye su ji tsoronsu, ana kuwa kama ƙaryarsu ne da fiffike biyu rak, da gajerun ƙahonni, da idanun da suka cinye kusan dukan kai.

Fa'idar sanin waɗannan alamomi

Mai yiwuwa ne wani ya ce, mene ne ribar ƙidaya ratsi da awon fuskar ƙwaro? Amsa tana cikin tarihi. A shekarar 1885 aka kwashi ƙudajen zuma masu gashi daga Ingila zuwa Niyu Zilan, domin wata ciyawar kiwo mai jan fure wadda ta ƙi ba da iri a can. Furen ciyawar zurfi gare shi, sai mai dogon harshe ke kai wa ƙarshensa. Cikin waɗanda aka kai kuwa har da wannan mai gajeren harshe, shi kuma in fure ya fi ƙarfin harshensa, sai ya zagaya gindinsa ya huda da baki ya tsotse ruwan, ya tashi bai taɓa garin ba. Masu dogayen harsuna da aka kai su ne suka fi sauke nauyin da aka ɗora musu.

Inda ya yi fice kuwa shi ne tumatir. Furen tumatir yana ɓoye garinsa ne cikin wani ɗan bututu, ba ya fita sai an girgiza. Wannan ƙwaro yakan cafke furen da baki, ya rataya a ƙarƙashinsa, ya kaɗa naman ƙirjinsa da ƙarfi, garin ya zubo masa a ciki, aikin da ƙudan zumar amya bai iya ba. A gonar fili iska takan taimaka, amma a ɗakunan gilashi da Turawa ke noma a ciki, da can mutane ne ke bi fure-fure da sandar lantarki suna girgizawa. A shekarar 1987 aka fara kiwonsa don sayarwa a Beljiyam, Holan ta bi baya, yanzu kuwa ana aika gidajensa cikin kwali zuwa ƙasashe masu yawa.

To, amma abin da ya zama rahama a ɗakin gilashi ya zama musiba a wasu dazuzzuka. An shigar da shi ƙasar Cile a 1997, ya tsere, ya ƙetare duwatsun Andis, aka gan shi a Ajantina a 2006. Duk inda ya sauka sai ɗan ƙasa, Bombus dahlbomii, ƙato mai jan gashi wanda yake cikin mafiya girma a duk zuriyar, ya yi ta raguwa, masana kuwa suna zargin gasar abinci da cututtukan da baƙon ya zo da su. Japan ma, bayan ta shigo da shi, sai da ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna a 2006. Ba a iya lura da irin wannan ɓarna da wuri sai in akwai mutanen da suka san baƙo daga ɗan gida da ido.

Abin da ya rataya a wuyanmu

A ƙasar Hausa, babban ƙwaron nan mai ƙara da muke gani yana huda busasshen itace ko katakon rufi, ba wannan ba ne, ko da yake shi ma ƙudan zuma ne, wani ma yana da gashin rawaya a ƙirji. Ana gane shi da bayan cikinsa mai sulɓi da sheƙi, da fiffikensa mai duhu, da ƙafar baya mai gashi duka ba tare da fili mai santsi ba, kuma ba ya tara runduna ƙarƙashin sarauniya. Shi ma ya iya girgiza fure, yana ziyartar wake da gauta da yalo da makamantansu, saboda haka abokin manomi ne.

Don haka muna kira ga manoma da su daina bari yara suna kashe shi don wasa, su kuma guji fesa maganin ƙwari da hantsi lokacin da furanni suke buɗe, su bari sai yamma lis. Malaman makaranta su fita da almajiransu lambu, su koya musu duba launi da fiffike da ƙafa kafin su yanke hukunci. Masu noman tumatir a rufaffun ɗakuna kuwa, idan wani ya zo musu da tallar gidajen baƙon ƙudan zuma, kada su karɓa sai da izinin hukumar da ke kula da shigo da tsirrai da dabbobi, gama ƙwaron da ya riga ya fita daga kwali ba a mayar da shi. Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa albarka a gonakinmu, amin.