Darasi: Binciken Likita Lucy Wills da Ƙarancin Jinin Masu Juna Biyu

Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mace mai ciki a wurin awo ta ƙunshi abu biyu: sinadarin ƙarfe da sinadarin folik asid. Na biyun an gano shi ne ta hanyar binciken wata likita ƴar ƙasar Ingila, Lucy Wills, wadda aka haifa a 1888, ta rasu a 1964.

A shekarar 1928 ta isa birnin Bombai na Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai. A can mata matalauta masu aiki a masaƙu suna fama da wani mugun ƙarancin jini idan sun ɗauki ciki, da yawansu kuma ba sa tsira. Da farko ta nemi ƙwayar cuta, ba ta samu ba. Sai ta koma kan abincinsu, ta tarar ba su cika samun ganye, ƴaƴan itace ko nama ba. Da ta ciyar da birai irin wannan abinci, su ma jininsu ya ragu. Da ta ba su wani abin shafa wa burodi mai araha da ake yi da yis, mai suna Marmite, suka warke. Haka matan ma suka samu sauƙi. Ta wallafa sakamakon a 1931. A 1941 wasu masana a Amurka suka tace sinadarin daga ganye, suka raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ganye.

Me wannan sinadari yake yi? Ɓargo ne ke ƙera ƙwayoyin jini, jajaye masu kai iska ga jiki, da farare masu yaƙi da cuta. Ƙirar ba ta yiwuwa sai da folik asid. Idan ya yi ƙaranci, jajayen sukan fito manya amma ƴan kaɗan, fararen ma sukan ragu, garkuwar jiki ta yi rauni. Mai ciki kuwa tana buƙatar sinadarin ne domin jinin mutum biyu. Wani babban bincike da aka wallafa a 1991 ya ƙara nuna cewa sinadarin yana rage haihuwar jarirai masu buɗaɗɗen ƙashin baya. Wannan sashe na ɗan tayi yana haɗuwa cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da miligiram 0.4 na folik asid kowace rana.

Ga iyaye mata:
1. Ku je awo da zarar kun ga ɓatan wata, kada ku jira ciki ya fito.
2. Ku sha ƙwayar kullum. Baƙin bayan gida ba illa ba ne. Idan tana tayar da zuciya, ku sha ta bayan abincin dare.
3. Ku yawaita zogale, alayyafo, rama, wake, gyaɗa da ƙwai. Kada a daɗe ana tafasa ganye, domin zafi yana lalata sinadarin.
4. Kada ku haɗa ƙwayar da shayi, yana hana jiki karɓar ƙarfen.
5. Ku kwana cikin gidan sauro, ku karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa daga wata na huɗu, domin zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini.

Ga masu faɗakarwa na gari: a kowace ziyara ku duba tafin hannu da cikin fatar ido. Idan sun yi fari, ko mace tana haki, jiri da bugun zuciya, a kai ta gidan likita ranar nan. Ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage mata, ku ji dalilinta idan ta daina sha, ku kuma sanar da maigida, domin sau da yawa izinin tafiya da kuɗin cefane a hannunsa suke.