Tarihin ƴan kwana-kwana na birnin Pari

Kowa ya san gobara. In hunturu ya shigo, iska na kaɗawa, haki ya bushe, ba a daɗewa sai a ji wuta ta tashi wani wuri. A manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, in wuta ta fi ƙarfin mutane, ana kiran ƴan kwana-kwana, su zo da jar motarsu da tiyon ruwa.

To, wannan aiki ina ya samo asali? Yau za mu karanta tarihin ƴan kwana-kwana na Pari, babban birnin ƙasar Faransa. Mun zaɓe su don tsarin namu ya yi kama da nasu. A can sojoji ne, a nan ma sojoji ne. Lambar kiransu a can 18 ce, a nan ma 18 ce. Cikin tarihin nan za mu ga abu guda: kusan kowane gyara da aka yi, sai da wata gobara ta ci rayuka aka yi shi.

Zamanin bokiti

A da, gidajen Pari da yawa na katako ne, manne da juna, hanyoyi kuma ƴan ƙanana. Babu masu aikin kashe wuta. In gobara ta tashi sai a kaɗa ƙararrawar majami'a. Mutanen unguwa su fito su yi layi tun daga rijiya ko kogi, suna miƙa ma juna bokiti. Magina da kafintoci su zo da gatari su rushe gidajen da ke kusa, don kada wutar ta samu abin ci. Sau da yawa kafin a kashe ta, ta cinye gidaje masu yawa.

Cikin shekara ta 1699 wani mutum mai suna Duperiye ya kawo sabon abu. Shi ɗan wasan kwaikwayo ne, amma ya ga wani irin pompi a ƙasar Holan. Mutane na danna shi da hannu, ruwa ya bi ta cikin doguwar tiyo ta fata, ya yi tsiri ya kai bisa. Sarki Luwi na 14 ya ba shi izinin ƙera irin wannan pompi a Faransa. A 1716 aka naɗa shi shugaban masu kula da pompi na birnin. Su ne kakannin ƴan kwana-kwana na yau.

Gobara daga kogi

Hausawa na cewa gobara daga kogi, maganinta sai Allah. A Pari an ga haka da ido. Akwai kogi da ya ratsa birnin, sunansa Sen. Bisa wata gada tasa, mutane sun gina gidaje da shaguna. Cikin watan Afrilu na 1718, jiragen ruwa biyu shaƙe da busasshen haki suka kama wuta. Ruwa ya tafi da su, suna ci, har suka maƙale ƙarƙashin gadar. Wuta ta kama gidajen da ke bisa, ta cinye su. Da aka sake gina gadar, ba a yarda kowa ya ɗora gida bisanta ba. A 1722 aka ƙara yawan masu kula da pompi suka kai mutum 60.

Amma da sauran matsala. Mutane na tsoron kiran su, don suna gudun a ce su biya kuɗi. Sai mutum ya rufe ƙofarsa yana fama da wuta shi kaɗai, har ta fi ƙarfinsa ta kama gidan maƙwabci. Don haka a 1733 aka yi doka: taimakon masu kashe wuta kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Hukuma ta gane cewa wutar da aka ɓoye ta fi kowace tsada.

Bukin da ya zama makoki

A shekara ta 1810 Napoleyon ke mulkin Faransa. Ya auri ɗiyar sarkin Ostiriya, mai suna Mari-Luwiz. Ranar 1 ga watan Yuli, jakadan Ostiriya ya shirya musu babban buki a gidansa. Gidan bai isa ba, sai aka kafa wani babban ɗaki na katako cikin lambu. Aka yi masa ado da labule da yadi mai shara-shara, aka kunna kyandir ko'ina.

Ana cikin rawa, kyandir guda ya taɓa labule. Kafin a ce me, wuta ta kai rufi. Mutane suka ruga bakin ƙofa, suna tattake juna. Napoleyon ya fitar da amaryarsa, sa'annan ya komo wurin. Mutane da dama sun mutu, wasu da yawa sun ƙone. Cikin waɗanda suka mutu har da matar ɗan'uwan jakadan, wadda ta shiga neman ɗiyarta cikin wutar.

Napoleyon ya sa aka yi bincike. Aka tarar masu kula da pompi ba su da horo isasshe, ba su da tsari. Sai ya rushe tsohuwar ƙungiyar. Ranar 18 ga watan Satumba na 1811 ya kafa sabuwa, ta soja, mai mutum fiye da 500. Suna kwana a bariki, suna atisaye, akwai masu tsaro dare da rana. Sunansu da faransanci shi ne wanda muke ji har yau, sapar-pompiye. Sapar shi ne sojan da ke haƙa da rushewa, pompiye kuwa shi ne mai aiki da pompi.

Ƙofa ƙarama, mutane da yawa

Ko da aka samu ƙwararrun ma'aikata, gobara ba ta ƙare ba. Akwai wutar da ke gama ɓarna tun kafin su iso.

A watan Mayu na 1887 wani babban gidan wasa da waƙa ya kama wuta ana cikin wasa. Fitilun gaz ne suka jawo ta. Mutum fiye da 80 suka mutu, da yawansu hayaƙi ne ya shaƙe su. Bayan haka aka tilasta ma gidajen wasa su koma ga wutar lantarki.

Shekara 10 bayan nan, ranar 4 ga watan Mayu na 1897, aka yi wadda ta fi muni. Manyan gari sun shirya wata kasuwa don tara ma matalauta kuɗi. An yi ta cikin wata doguwar rumfa ta katako, tsawonta wajen metir 80. Mutane fiye da 1000 na ciki. A gefe guda ana nuna silima, wadda sa'annan sabon abu ce. Fitilar injin tana aiki da wani ruwa mai saurin kama wuta. Ana cikin ƙara mata ruwan, wani ya ƙyasta ashana don a gani. Shi ke nan. Cikin kamar minti 15 rumfar ta zama toka. Ƙofofin fita ƙanana ne, mutane suka cunkushe a bakinsu. Mutum fiye da 120 suka mutu, kusan dukansu mata.

Amma a bayan rumfar akwai wani otel. Masu dafa abinci na otel ɗin suka ɓalle ƙarafan wata taga, suka riƙa jawo mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta wannan taga mutane da yawa suka tsira. Irin waɗannan gobara su suka sa, sannu a hankali, aka kafa dokoki bisa wuraren taro: ƙofofi su zama da yawa, masu faɗi, kuma kada a kulle su muddin mutane na ciki.

Ƴan kwana-kwana na Pari a yau

Ƙungiyar ta yi ta girma tare da birnin. A 1967 ta zama babbar runduna, daga baya kuma aka haɗa mata garuruwan da ke kewaye da Pari. Tun 2002 mata ma suna shiga. Yanzu ma'aikatanta sun kai wajen 8500. Suna fita aiki wajen sau 500 000 a shekara. Amma kashe wuta kaɗan ne cikin aikinsu. Cikin fita 10, wajen 8 na ceton mutane ne: haɗarin mota, mai ciwon da ya faɗi, mace mai naƙuda. Takensu yana nufin ko su ceci mutum, ko su mutu wajen ceton.

Ba magana ce ta baki kawai ba. A watan Janairu na 2019 an kira su don ana jin warin gaz cikin wani gida. Suna cikin dubawa gaz ɗin ya fashe. Biyu daga cikinsu suka rasu.

Gobarar Pari ta taɓa ƴan Afirka ma. A watan Agusta na 2005 wani tsohon bene ya kama wuta da dare. Iyalai ƴan Afirka ta yamma ke zaune ciki, a cunkushe. Wutar ta tashi daga wajen matakala, wato hanyar da za su bi su sauko. Mutum 17 suka mutu, 14 daga cikinsu yara.

Gobarar da duniya ta fi ji ita ce ta majami'ar Notir-Dam, wadda aka fara ginawa tun 1163. Ranar 15 ga watan Afrilu na 2019, da marece, ƙararrawar gobara ta yi ƙara. Wanda aka aika ya duba ya tafi wani wuri dabam, bai ga kome ba. Kafin a gano wutar a kira ƴan kwana-kwana, wajen minti 30 sun wuce. Wutar ta riga ta kama itatuwan rufi, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna bushewa. Ƴan kwana-kwana wajen 400 suka kwana suna fama, suna jan ruwa daga kogin Sen. Rufin ya ƙone, amma sun ceci manyan hasumiyoyi biyu, kuma ba wanda ya mutu. Sai a watan Disamba na 2024 aka sake buɗe majami'ar. Jinkirin minti 30 ya jawo aikin shekara 5.

Mu fa?

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Mu ma a Nijar mun ga namu. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a buɗe sabuwa ba sai 1987. A watan Afrilu na 2021 azuzuwan zana sun kama wuta a wata makarantar Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na 2021 aka sake yin haka a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƙananan yara na ajin renon cikin azuzuwan zana. Abin da ya faru da rumfar Pari a 1897 shi ya faru da su: busasshen gini, mutane da yawa, hanyar fita ƙarama.

Ƴan kwana-kwana ba su cikin kowane gari, kuma ko a birni sai sun yi tafiya kafin su iso. Mintocin farko suna hannunmu. Ga abin da ya kamata kowa shi riƙe:

1. In wuta ta tashi, kada a ɓoye. A yi kururuwa, a kira lamba 18 nan da nan.
2. Mai kira shi faɗi unguwa, da wata alama da kowa ya sani, da abin da ke ci, da ko akwai mutane ciki. A tsai da wani bakin hanya shi nuna musu wurin.
3. A fara fitar da mutane kafin kaya. Wanda ya fita kada shi koma.
4. In hayaƙi ya cika ɗaki, a duƙa ƙasa a fita da rarrafe. Iska mai kyau tana ƙasa.
5. Ba a zuba ruwa bisa wutar mai ko ta esansi. A rufe tukunya da murfi, ko a zuba yashi. In wutar lantarki ce, a fara kashe ta daga kwantar.
6. In an ji warin gaz, a rufe butali, a buɗe ƙofa da taga. Kada a ƙyasta ashana.
7. In tufafin mutum sun kama, kada shi gudu. Shi kwanta shi yi birgima, a lulluɓe shi da bargo.
8. Kada a ajiye haki, kara ko esansi kusa da murhu. Kada a tare hanyoyin kasuwa da kaya, don mota ta samu wucewa.

Mutanen Pari sun yi shekara fiye da 300 suna koyon waɗannan abubuwa, da hasarar rai da ta dukiya. Mu ga shi mun same su cikin karatu guda. Wanda ya karanta shi gaya ma iyalinsa da maƙwabtansa.

Tambayoyi

1. Don me aka mai da aikin kashe wuta kyauta a 1733?
2. Wace gobara ce ta sa Napoleyon ya kafa ƙungiyar soja ta kashe wuta?
3. Me ya sa mutane da yawa suka mutu cikin rumfar 1897?
4. A garinku, wane wurin taro ne ke da ƙofa guda kaɗai? Me za ku iya yi a kai?
5. Rubuta lambar kiran ƴan kwana-kwana, da abu uku da za ka faɗa musu in ka kira.