Ma'aunin Shahara: Masanin Ƙa'idojin Kiɗa a Kundin Sani na Intanet

Makaɗi ba ya ɓuya. In ya kaɗa jama'a sun ji, gidajen rediyo sun sa, jaridu sun buga labarinsa. Amma akwai wani mutum wanda aikinsa shi ne ya feɗe kiɗan, ya bayyana dokokin da suka sa wannan sauti ya dace da wancan. Shi ne masanin ƙa'idojin kiɗa, kuma galibi babu wanda ya san da zamansa sai ɗalibansa da 'yan'uwansa malamai. Wannan maƙala za ta duba yadda kundin sanin nan na intanet mai suna Wikipedia, wanda aka kafa a shekarar 2001, yake yanke hukunci a kan irin wannan mutum, watau ko ya cancanci a buɗe masa shafi ko kuwa a'a.

Babbar ƙa'idar da reshen Ingilishi na kundin yake bi ita ce, sai an sami majiyoyi amintattu, waɗanda ba su da alaƙa da mutumin, sun yi bayani mai tsoka a kansa. Ambaton suna kawai a cikin jeri bai isa ba. Haka nan abin da shi ya rubuta game da kansa, ko wanda jami'arsa ta buga don ta tallata shi, ba ya zama shaidar shahara, domin yabon kai jahilci ne. Wannan ma'auni ya yi daidai da mawaƙi da ɗan wasa, amma yana iya tauye malami, saboda ɗan jarida bai cika zuwa ɗakin karatu neman labari ba. Don haka ne aka ware wa malaman jami'a wasu sharuɗɗa guda 8, aka ce cika ɗaya daga cikinsu ya wadatar. Daga ciki akwai a tabbatar bincikensa ya yi babban tasiri a fanninsa, ko ya hau kujerar farfesa ta musamman, ko ya shugabanci babbar ƙungiyar masana, ko ya zama babban editan fitacciyar mujalla.

Alal misali, a ɗauki Allen Forte, mutumin Amurka da aka haifa a 1926, ya rasu a 2014. Turawa sun raba tsanin kiɗansu zuwa sautuka 12. A farkon ƙarni na 20 wasu mawallafan kiɗa, irin su Schoenberg da Webern, suka daina dogara da sauti guda da kiɗan yake komawa gare shi, sai tsohon hanyar nazari ya kasa bayyana abin da suke yi. A cikin littafinsa The Structure of Atonal Music na 1973, Forte ya tattara dukkan rukunonin da za a iya haɗawa daga sauti 3 zuwa 9, ya sami 208, ya ba kowanne lamba. Har yanzu ana kiran lambobin da sunansa. Bugu da ƙari, ya yi editan Journal of Music Theory daga 1960 zuwa 1967, ya riƙe kujerar Battell a Jami'ar Yale, sa'an nan shi ne shugaban farko na ƙungiyar masana ƙa'idojin kiɗa ta Amurka da aka kafa a 1977. Ke nan ya cika sharaɗi huɗu a inda ake neman ɗaya, ko da mai sauraren kiɗa na yau da kullum bai taɓa jin sunansa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne malami na tsaka-tsaki, mai littafi ɗaya da 'yan maƙalu. A fannin kimiyya akan ƙirga sau nawa wasu suka kafa hujja da aikin mutum. Wannan ƙidaya ba ta da ƙarfi a nan, domin masu rubutu a kan ƙa'idojin kiɗa 'yan kaɗan ne, lambar da za ta zama abin dariya ga masanin magunguna tana iya zama abin alfahari gare su. Shi ya sa akan koma ga sharhin da mujallun masana suka yi wa littafin mutum. In wani ya nemi a goge shafin, akan ba da aƙalla kwana 7 ana kawo hujjoji, daga nan mai kula ya auna nauyinsu, ba yawan masu goyon baya ba. A takarda tsarin yana da kyau. Sai dai masu aunawar 'yan sa kai ne, kuma ba lalle su san wace mujalla ce babba a fannin ba. An ga haka a wani fannin dabam: a watan Mayu na 2018 aka ƙi karɓar shafin da aka shirya wa Donna Strickland, masaniyar kimiyya ta Kanada, a watan Oktoba na shekarar kuwa ta sami kyautar Nobel.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda ta shafi ɗalibin Hausa kai tsaye. Duk sharuɗɗan nan sun ɗauka cewa ilmin ƙa'idojin kiɗa rubutacce ne. Al-Farabi da Safiyuddin al-Urmawi sun bar littattafai, J. H. Kwabena Nketia na Gana ya bar The Music of Africa na 1974, saboda haka babu mai gardama a kansu. To, ina matsayin sarkin makaɗa wanda ya san taken kowane basarake, ya san yadda kalangu yake bin karin harshe har ya faɗi magana, ya kuma koyar da yaransa wannan da baki? Ilminsa bai gaza na mai kujera ba, amma kundin ya haramta sa bayanin da ba a riga an buga a wani wuri ba, ko da kuwa mai rubutun daga bakin makaɗin ya ji. Littafin Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts, wanda David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 bayan bincikensu a Zariya da Katsina, za a karɓe shi a matsayin hujja. Makaɗan da suka zaunar da su suka ba su bayanin kuwa, maganarsu ba ta shiga sai ta biyo ta cikin littafin.