Darasin Lafiya: In Ruwan Jiki Ya Ja Baya

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa noman rani a fadama ya san kukan da injin ban ruwa yake yi sa'ad da rijiya ta ja baya. Injin bai lalace ba, mai bai ƙare ba, amma sai ka ji yana tari yana zuƙar iska, ruwan da yake fita daga tiyo kuwa ya sirance. Mai lambu yakan toshe hanyar fangalin da yake nesa domin ɗan ruwan da ya rage ya isa shukar da ta fi daraja. Ku riƙe wannan misali, gama haka jikin mutum yake yi in jini ko ruwa ya zube daga cikinsa.

Zuciya ita ce injin, jijiyoyi su ne tiyo, jini kuwa shi ne ruwan rijiyar. Cikin kashi 100 na nauyin babban mutum, wajen kashi 60 ruwa ne. Wato mai nauyin kilo 60 yana ɗauke da ruwa wajen lita 36. Amma jinin da yake zagayawa cikin jijiyoyinsa bai wuce lita 4 zuwa 5 ba. Yaro mai kilo 10 kuwa, jininsa duka bai cika lita 1 ba. Shi ya sa zawon da babba zai yi ya tashi ya tafi gona, shi ne zai kwantar da yaro cikin wuni ɗaya.

Jini yana raguwa ta hanya biyu. Ta farko kowa ya san ta: saran adda, haɗarin babur, tunkuyin sa, ko zubar jini bayan haihuwa. Ta biyu ita ce mutane ba su cika lura da ita ba. Fiye da rabin jini ruwa ne mai gishiri. Kowace rana hanji yana karɓar ruwa wajen lita 8 zuwa 9, wanda muka sha da wanda jiki ya zuba domin narkar da abinci, sa'an nan ya mayar da kusan dukansa cikin jini. In zawo ya kama mutum, wannan ruwa ba ya komawa, waje yake fita, da gishirinsa. Mai kwalara yana iya zubar da lita 1 cikin awa guda. Amai, ƙuna mai faɗi, da zufa mai yawa su ma haka suke yi. Manomin da yake huɗa cikin zafin bazara yana iya yin zufar lita 1 a awa.

Jiki ba ya zama ya zuba ido. Da fari zuciya takan ƙara sauri. Sai ƙananan jijiyoyin fata da na hanji su tsuke, a tara jini domin ƙwaƙwalwa da zuciya, kamar dai yadda mai lambu ya toshe fangalin nesa. Dalilin ke nan da ya sa tafin hannu da ƙafa suke yin sanyi. Ƙwaƙwalwa kuma takan aika wa ƙoda saƙo ta riƙe ruwa da gishiri, sai fitsari ya ragu ya yi duhu, ƙishirwa ta taso.

Wannan dabara tana ceton rai, amma tana ruɗin masu jinya. Babba yana iya rasa kwatan jininsa yana zaune yana magana. Sai abin ya kai wajen sulusi, wato lita 1 da rabi, ƙarfin bugun jini ya fāɗi. Daga nan sassan jiki ba su samun isashen jini, sai su fara kāsawa, ƙoda tana cikin na farko. Ma'aikatan asibiti suna ce da wannan hali shok. Ba na wutar lantarki ba ne, ba kuwa firgita ba ce. Yara sun fi manya iya ɓoye shi, kāna su fāɗi farat ɗaya.

Saboda haka kada ku jira mutum ya suma. Ku taɓa jijiyar wuyan hannunsa. In tana bugawa da sauri, siririya kamar zare, hannu da sanyi, yana haki, ya daɗe bai yi fitsari ba, ko ya fara magana ba kan gado, to, rijiya ta ja baya. Ku matsa farcensa har ya yi fari ku saki. In kun ƙirga 1, 2, 3 a hankali jan bai dawo ba, abin ya yi nisa. Ga yaro kuwa, ku duba ko idanu sun zurma, yana kuka ba hawaye, in an tsunkuli fatar ciki ta daɗe ba ta koma ba.

Bari in tsaya kaɗan a kan maɗiga. Na sha ganin uwa tana shafa magani a kan jariri domin maɗigarsa ta faɗa. Ciwon ba a ka yake ba. Ruwan jiki ne ya ƙare, shi ya sa wurin ya loma. Haka kuma masu cewa zawon haƙori ne zai wuce, da masu hana yaro ruwa wai kada zawon ya ƙaru. Wanda randarsa take yoyo, ai ƙara ɗebo ruwa yake yi kafin a liƙe ta.

To, me ya sa ruwa zalla bai isa ba? Kun ga yadda gishiri yake jiƙewa da damina ko ba a zuba masa kome ba. A cikin jiki ma, inda gishiri ya bi nan ruwa yake bi. Akwai wata ƙofa a bangon hanji wadda gishiri ba ya shiga ta sai tare da sukari, wannan ƙofa kuwa tana aiki ko a tsakiyar kwalara. Sukari ya ja gishiri, gishiri ya ja ruwa zuwa cikin jini. A shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon ta ƙasar Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya kuma ya yi ƙaranci. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa dangin marasa lafiya su yi ta ba su ruwan gishiri da sukari. A da mutum 30 cikin 100 suke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4.

Wanda ya fi kyau shi ne na ƙunshi da ake kira ORS, a haɗa shi daidai yadda aka rubuta a jikin ledar. In babu, ku sami tafasasshen ruwa da ya huce lita 1, wato ledar ruwan sha 2 masu rabin lita. Ku zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, da gishiri rabin cokali, duka a shafe, ba a tsororuwa ba. Ku ɗanɗana. Kada ya fi hawaye gishiri, gama gishiri mai yawa yana cutar yaro. Wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan kaɗan. Mai shekara 2 zuwa 10, rabi zuwa kofi guda. Babba ya sha iyakar yadda zai iya. In yaro ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Kada a daina ba shi mama ko kunu. Abin da ya kai awa 24 a zubar, a haɗa sabo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa wa yara da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Wanda ya kāsa sha, ko ya galabaita har ba a iya tashe shi sosai, ƙarin ruwa yake bukata a asibiti, ba gobe ba.

Zubar jini kuwa dabam ne, ruwan gishiri ba ya maye gurbin jini. A danne raunin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da ruwan batir. A kwantar da mutumin, a ɗaga ƙafafunsa in babu karaya, a lulluɓe shi. Kada a ba shi abinci ko ruwa, gama wataƙila za a yi masa aiki. Macen da ta haihu jini ya ƙi tsayawa, a murza mararta har mahaifa ta yi tauri, a sa jariri ya kama mama, a nemi mota nan take.

Ga aikin da ƙungiya za ta yi a taronta na wannan wata. A sayi ƙunshin ORS da zinki a ajiye wurin ma'aji, nesa da taki da maganin ƙwari. A shirya da mai mota ko mai babur guda wanda za a iya tasa ko da tsakar dare, a ware kuɗin mai. A kuma rubuta sunayen waɗanda suka yarda su ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ruwansa yana komawa cikin kwana 1 ko 2, sauran kuwa cikin 'yan makonni. Kowa ya zo da cokalin shayi na gidansa, mu gwada awon tare.