Ɗinkin Kayan Kariya a Lokacin Annoba

Mai karatu, kayan kariya komai ingancinsu ba sa tsare wanda ya cire su ya rataye. Sau da yawa kuma ba taurin kai ke sa mutum ya cire ba, ɗinkin ne ya takura masa.

Dubi abin da ya faru lokacin annobar Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo. Ma'aikatan lafiya kan rufe jiki tun daga kai har ƙafa, ga zafi, ga gumi, tabarau ya yi hazo. Da wuya mutum ya wuce awa ɗaya a ciki. Wajen tuɓewa kuwa haɗarin ya fi yawa, domin hannu na iya taɓa inda ya gurɓata sannan ya kai fuska. Shi ya sa Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta tara likitoci da injiniyoyi don sake fasalin rigar, har da wata mai ɗinkin rigunan amare, Jill Andrews. Suka mayar da zif ɗin baya yadda rigar za ta zame ba sai an yi ta taɓa ta ba, suka kuma faɗaɗa wajen fuska. A Laberiya ma, a 2015, an riƙa manna hoton ma'aikaci a ƙirjin rigarsa, don majinyaci ya san mutum ne a gabansa, ba dodo ba.

Da korona ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020, telolinmu sun taimaka ƙwarai. Takunkumin atamfa wanda ya shiga da kaya ya sa mutane da dama sun daina jin nauyin sawa. Mai hijabi kuwa, igiyar da ke ɗaurewa ta bayan kai ta fi mata sauƙi a kan ta kunne.

Sai dai kyau kaɗai bai isa ba. A watan Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar takunkumin yadi ya zama hawa uku: na ciki auduga mai tsotse danshi, na tsakiya mai tacewa, na waje wanda ba ya shan ruwa. Leshi mai huji-huji ado ne kawai. Ka tabbata ya rufe hanci da baki har haɓa, babu kafa a gefen kumatu. A wanke shi kullum da sabulu, idan ya jiƙe a canza.

Hukumar ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayun 2023, amma mura da tarin fuka suna nan. Idan kana tari kuma ma'aikacin jinya ya ba ka takunkumin asibiti, shi za ka sa, domin ya fi na yadi tacewa. Ka matse ɗan ƙarfen da ke samansa a kan karan hanci. In igiyar na cin kunnenka, faɗa wa ma'aikacin ya gyara maka, kada ka sauke shi zuwa wuya.