Amsoshin Tambayoyinku: Na Kulle /tmp, Yanzu apt Na Ƙorafi

Tambaya: Ni ke kula da sabar wani ƙaramin kamfani a nan Abuja. Injin ba namu ba ne, yanki muka kama haya a cikin babbar sabar wasu, muna tafiyar da Debian. An ba ni shawarar in sa wa /tmp takunkumin noexec saboda masu kutse, na kuwa sa. Tun ranar, da na zo saka manhaja sai apt ya ce an hana shi izini. In cire takunkumin ne, ko in haƙura da sabuntawa? Daga mai karatu a Wuse II.

Amsa: Malam, kada ka yi ko ɗaya daga ciki.

Shi /tmp zaure ne, kowa na iya ajiye kaya a cikinsa. Shi ya sa wanda ya kutso ta wata ɓaraka a shafinku yakan fara sauke kayan ɓarnarsa a nan. Abin da noexec ke cewa shi ne: a ajiye, amma ba a kunnawa. To shi ma apt a zauren yake shimfiɗa tabarmarsa. Kafin ya saka manhaja yakan zaro ɗan rubutun da zai yi maka tambayoyin saiti, ya ajiye a /tmp, ya nemi kunna shi. Maigadin kuwa bai san ɗan gida ba, bai san ɓarawo ba.

Maganin bai kai minti biyar ba. Buɗe sabuwar folda wadda root kaɗai ke shiga, sannan a cikin /etc/apt/apt.conf.d ka rubuta layin APT::ExtractTemplates::TempDir, ka nuna masa ita. Zaure na nan a kulle, apt ya samu ɗakinsa.

Wasu za su ce ka sa apt ya riƙa ɗage takunkumin yana mayarwa. In yankin da ka kama haya nau'in KVM ne, hakan na yiwuwa, tunda ƙwayar tsarin (kernel) taka ce. Idan kuwa LXC ko OpenVZ aka ba ka, da kai da sauran 'yan haya ƙwaya ɗaya kuke rabawa da mai gida, kuma galibi ba a bar maka wannan ikon ba. Kada ma ka roƙa. Mai hayar da ya miƙa maka shi da sauƙi, ya miƙa wa maƙwabcinka.

Sai dai kada ka saki jiki. Dannin kara ne noexec, ba katanga ba: wanda ya rubuta sh a gaban sunan fayil ɗinsa ya tsallake. Inda na fi jin tsoro shi ne ita kanta manhajar da za ka saka, domin rubutun saka ta da cikakken ikon root yake gudana. Ga misalin haɗarin manhaja: a ƙarshen Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta ssh na ɗan jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ga ƙofar ɓoye a cikin manhajar xz 5.6.0 da 5.6.1. Ta kai rassan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta shiga tsayayyen Debian ba. Saboda haka ka tsaya kan tsayayyen reshe da rumbun Debian mai sa hannu. Wannan ɗabi'a ta kwafo layi daga intanet a liƙa a matsayin root, wallahi ta fi buɗaɗɗen /tmp illa.

Barin sabuntawa kuma, in kuna riƙe da bayanan mutane, jawo wa kai magana ne. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ku awa 72 ku sanar da hukumar NDPC, da ke nan Abuja, idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan.

Kafin kowace babbar sabuntawa, ka ɗauki hoton sabar (snapshot) daga shafin mai hayar. In abu ya cije, sai ka koma inda kake da safe.